Rakiyar Malam Maiwada

Shekara guda da 'yan watanni Malam Maiwada bai sa ƙafa a fadamarsa ba. Gonar rake ce a bayan Gazara, tafiyar rabin awa ga mai lafiya. Shi ya sare dajinta tun yana saurayi, kuma shekara arba'in ba a taɓa sa wa raken adda ba sai yana tsaye a kai.

Wata safiya yana alwala ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Buta ta faɗi, shi ma ya bi ta. Babban ɗansa Hamisu ne ya saɓa shi a kafaɗa zuwa mota. Mako uku suka yi a asibiti. Baki ya dawo daidai. Hannu ya dawo rabi. Ƙafa ta dawo, amma sai an ja ta.

A kan gadon asibitin nan ya yi kuskure. Hamisu, magidanci mai 'ya'ya biyar da shagon taki a Makarfi, ya durƙusa yana kuka wiwi, wai sai Baba ya yi masa alkawari ba zai ƙara fita ko'ina don raɗin kansa ba, balle fadama, sai likita ya yarda. Maiwada ba ya son kukan namiji. Don dai a yi masa shiru ya ce ya yi alkawari. Shi kuwa mutum ne da in ya ce, to ya ce.

Wata guda da sallamarsu sai ga wata likita daga Zariya, sunanta Mukarrama, tana bin garuruwan Ikara da Makarfi da Kudan tana rubuta sunayen masu irin ciwonsa. Bincike take yi. So take ta gane ko fita waje da irin waɗannan mutane, a riƙa taka hanya da su, ya fi a bar su da shawarar baki. Ta tara mutum ɗari da ashirin ta raba su biyu da ƙuri'a. Kashi na farko, mai gashin ƙashi zai riƙa zuwa sau biyu a mako ya fita da su, su bi burtali, su tsallaka kunya, su hau tudu. Kashi na biyu takardar shawara aka ba su, sai ma'aikacin lafiya da zai riƙa leƙa su duk mako ya auna musu jini. Kowa aka ɗaura masa wani ɗan abu kamar agogo a ƙugu, mai ƙirga taku. Wata shida za a yi.

Ƙuri'a ta jefa Maiwada kashi na biyu.

Hamisu ya riƙe takardar da hannu biyu kamar takardar kotu.

"To Baba, ka gani. Likitoci sun duba ka, sun sa ka cikin masu zama."

"Ƙuri'a aka ce."

"Haka suke faɗa don kada ran mutum ya ɓaci. Ai sun san abin da suka gani. A yi haƙuri sakamako ya fito. In aka ce tafiyar tana da amfani, wallahi ba zan tare ka ba."

Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Daga zaure sai masallacin ƙofar gida, daga masallaci sai zaure. Aka yi saran rake na shekarar ba shi. Yana zaune ya ji ƙarar motar da ta kwashe shi.

Abin da ya fi ci masa rai Bobbo ne. Bobbo Bafillace ne na Taba, can ƙasar Kudan, tsohon abokin cinikinsa, shi ma ciwon ya taɓa shi. Ƙuri'a ta sa shi kashi na farko. Duk Juma'a sai ya kira.

"Kaɗo, kana nan dai a tabarma?"

"Ina nan."

"Mu yau har bakin rafi. Yarinyar da likita ta turo mini tana riƙe da hannuna kamar ango. An ce ku naku a juya ku kawai kada ku ruɓe."

Maiwada ya kan kashe wayar ba sallama.

Ma'aikacin da aka ba shi sunansa Ukasha, mutum mai shekara arba'in da ɗoriya, mai tumbi, mai ladabi. Ranar Alhamis da hantsi yake zuwa a kan babur, lokacin Hamisu yana shago. Ranar farko ya auna jini, ya kwance agogon ya kara shi a jikin wayarsa, ya mayar, ya yi sallama. Maiwada ya laluba sandarsa ya fara miƙewa.

"A'a Baba, zauna abinka."

"A gidana baƙo ba ya tafiya shi kaɗai."

Ya taka masa zuwa ƙofa. Taku tara ne. Ya dawo ya zauna yana haki, yana tunani. Ya yi alkawarin ba zai fita don kansa ba. Rakiya kuwa ba don kai ake yin ta ba, haƙƙin baƙo ne. Ba ɗan da zai hana ubansa taka wa baƙo, in dai ɗan halak ne.

Alhamis ta biyu suka kai rijiya. Ta uku suka kai injin niƙa.

Ukasha ya shiga uku. Mai tarbiyya ba ya hawa babur dattijo yana tafe a gefensa yana yi masa magana. Dole ya tura. Maiwada kuwa, da ba ya haɗa kalma goma a yini, ranar Alhamis bakinsa ya kan buɗe. Sai ya ɗauko labarin shekarar da fari suka cinye gero, ya ja shi a hankali, ya ƙi kai shi ƙarshe. In Ukasha ya ce, "To Baba, a nan ma ya isa, na gode," sai ya ce, "Tsaya, ban gaya maka abin da hakimi ya ce ba." Su ƙara gaba.

In sun yi nisa kuma wata matsalar ta taso. Ba yadda za a yi Ukasha ya bar mai jan ƙafa shi kaɗai a bakin hanya. Sai ya juya babur ya turo shi, ya dawo da tsohon har zaure, riga ta jiƙe sharkaf. Yana cewa a huta lafiya, Maiwada ya ce, "Bari in ɗan taka maka."

"Baba, don girman Allah!"

Talatu, matar Maiwada, tana kallonsu ta kafar zana.

"Malam, wannan rakiya ce ko ƙaura?"

"Shiga ciki."

"Zan shiga. In Hamisu ya tambaye ni dai ba zan yi ƙarya ba."

"Ya tambaye ki?"

"Bai tambaya ba."

"To."

Daga baya Alhamis ta yi masa kaɗan. Wanzami ya zo aski, a taka masa. Mai yankan farce, a taka masa. Mai tallar turare da ya yi sallama bisa kuskure, sai da aka kai shi bayan gari. Mutanen unguwa suka gane, masu sauri suka daina shiga zauren, sai su ɗaga hannu daga nesa. Ba wanda ya kai wa Hamisu labari. Wa zai je ya ce wa mutum ubanka ya cika karamci?

Sau ɗaya ya faɗi. Sanda ta shige ramin gafiya, ya tafi gaba ɗaya cikin karan dawa. Ukasha ya yar da babur ya ɗago shi, ya kakkaɓe masa riga.

"Ka ga wani abu?" in ji Maiwada.

"Ban ga komai ba, Baba."

"Ɗauki babur ɗinka."

A wata na biyar suka kai kwalbati. A nan hanya ta rabu: dama ta nufi titin Makarfi, hagu ta gangara fadama. Daga kan kwalbatin ana hango kan ganyen rake. Maiwada ya tsaya ya daɗe yana kallo. Bai gangara ba. Hanyar baƙo dama ce, hagu tasa ce, kuma ya yi alkawari. Duk mako nan yake tsayawa.

Wata shida suka cika, aka karɓe agogo, Ukasha ya huta. Aka ce a jira likita ta haɗa lissafi. Damina ta zo ta wuce. Sabon rake ya kusa isa sara, sara na biyu ke nan da za a yi ba shi. Sai ga takardar gayyata: ranar Asabar, a wani ɗakin taro a Makarfi, za a faɗa wa kowa abin da aka gano.

Maiwada ya sa babbar riga. Hamisu ya ɗauko motar abokinsa.

Ɗakin ya cika. Sanduna sun fi mutane hayaniya, wannan ta faɗi, waccan ta harɗe wani. Mata a gefe guda, maza a gefe guda, 'ya'ya da surukai a baya. An raba lemon kwalba da cincin. Wani tsoho daga Ikara ya ce shi an hana shi zaƙi, amma a ba shi ya kai wa jikoki. Kafin a buɗe taro da addu'a ya shanye. Bobbo ya riga kowa zuwa, ya kama kujerar gaba, ya ajiye malafarsa a ta kusa.

"Kaɗo! Zo ga wuri. A'a, da ƙafarka ka shigo? Na zaci a tabarmar za a naɗo ka."

"Ɗauke wannan kwandon naka in zauna."

Aka tayar da injin wuta, aka haska majigi a bango. Likita Mukarrama ta miƙe, siririya, da tabarau, ba ta kai Hamisu shekaru ba. Ta gai da iyaye, ta yi addu'a ga mutum huɗu da suka rasu kafin a gama, ta gode wa kowa. Ba ta ja magana ba. Maiwada ya ji ta burge shi.

Zane ya fito a bango, layi biyu, ja da kore, suna hawa kamar hanyar tudu.

"Koren nan," in ji ta, "su ne waɗanda aka riƙa fita da su. Jan kuma waɗanda aka ba takarda. Duk inda layi ya yi sama, tafiya ta ƙaru. Kun ga duka biyun sun hau."

Aka yi hamdala.

"Amma ku duba ƙarshensu. A wuri ɗaya suka tsaya. Iyayena, gaskiya zan gaya muku. Na sa rai kore zai wuce ja nesa. Bai wuce ba. Ba mu ga bambanci ba tsakanin wanda aka fita da shi da wanda aka bari a gida."

Bobbo ya ce, "Kai!" da ƙarfi.

Hamisu ya sunkuyo daga kujerar baya, bakinsa dab da kunnen ubansa. Muryarsa da taushi, har da tausayi.

"Ka ji ko, Baba? Da fitar da zaman duk ɗaya. To me za a je a nema a fadama, a faɗi a banza?"

Maiwada bai juya ba. Ya ji zauren nan ya taso ya rufe shi, da tabarmarsa da butarsa da ƙudajensa.

Likita ta sauya zane.

"Akwai abu ɗaya da ya ɗaure mana kai. Wannan na masu takarda ne kaɗai, rana bi rana."

Layin ja ne, amma yanzu ya yi haƙora kamar zarto. Ya kwanta, ya yi tsalle, ya kwanta, ya yi tsalle.

"Duk mako akwai ranar da takunsu yake ninkawa. Da muka duba, ranar da ma'aikacinmu ya kai ziyara ce. Mun fi zaton in sun kwance na'urar suna girgiza ta, ko tana yawo a aljihunsu. Mun tambaye su, sun ce ba haka ba ne. Mafi tsayin nan," ta nuna wani haƙori da ya kusa taɓa rufi, "na yankin Gazara ne."

Ukasha yana tsaye a jikin bango tare da sauran ma'aikata. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Maiwada ya auna abin. In ya yi shiru, ya koma zaure har mutuwa. In ya yi magana, ƙananan hukumomi uku za su ji cewa shi, Maiwada, ya yi wata da watanni yana zagaye ɗan cikinsa kamar mai satar fita. Bobbo kuma yana nan, kunnuwa a buɗe.

Ya dafa sanda. Miƙewar ta ɗauki lokaci. Hamisu ya kawo hannu, ya ture shi. Wani ya miƙo masa abin magana, ya karɓa ya riƙe shi nesa da baki.

"Likita."

"Na'am, Baba."

"Agogonki lafiyarsa ƙalau. Ukasha bai girgiza komai ba. Wancan dogon ni ne."

"Kai ne kamar yaya, Baba?"

"Taka masa nake yi."

"Zuwa ƙofa?"

"Zuwa kwalbati."

Wani daga Gazara ya fashe da dariya a baya. "Likita, kwalbatin nan ya fi mil guda!"

"Sannan ya dawo da ni," in ji Maiwada. "Wani lokaci in sake taka masa."

Likita ta juya ta dubi Ukasha. Ukasha ya buɗe hannuwa.

"Ranki ya daɗe, an tambaye ni ko na girgiza, na ce a'a. Ba a tambaye ni rakiya ba. Kuma ya zan yi? Sa'an mahaifina ne. In ce masa koma?"

"Me ya sa ba ka rubuta ba?"

"Ina zan rubuta? Ba gurbinta a takardar."

Likita ta cire tabarau ta juyo ga jama'a.

"Masu takarda. Duk wanda yake raka ma'aikacinmu in ya zo, ya ɗaga hannu."

Hannuwa suka tashi, na dama, na hagu, wanda dai yake aiki. Kusan duka. Wata tsohuwa daga Ikara, Zulai, ta ɗaga nata har da sanda.

"Yo 'yar nan, yarinya ta taso tun daga gari ta zo duba ni, in bar ta ta fita kamar wadda aka kora? Ni dai iyakata gidan Farida mai ƙosai. Daga nan sai mu ɗan zauna, sai kuma Farida ta ce bari ta taka mini."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Maiwada ya ga ashe ba shi kaɗai ba ne, illa dai ya fi kowa zurfi. Ya dubi Bobbo. Bobbo ba ya dariya, yana ta murza gemu.

"Kai kuma fa, angon bakin rafi?"

Bobbo ya yi gyaran murya, bai miƙe ba.

"Likita, tunda yau ranar tonon asiri ce. Yarinyar da kike turo mini awa guda aka ba ta. To baƙuwa ce. Sai an gaisa. Sai an dama fura. Ba ta isa ta tashi ba ta sha ba, matata Bilki ba za ta yarda ba. Kafin a gama saura kwata."

"Bakin rafin fa?" in ji Maiwada.

"Rafin a bayan ɗakina yake."

Sai da shugaban taro ya buga tebur kafin a yi shiru. Likita Mukarrama ta zauna a kan kujera, ta rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunta suna rawa. Aka zaci kuka take yi, mata suka fara ba ta haƙuri. Da ta ɗago, dariya ce, amma da ɗan hawaye.

"Shekara biyu ina shirya wannan aiki," in ji ta. "Na karanta irinsa na ƙasashe da yawa. Ni da aka haifa a Tudun Wada, kakata ba ta taɓa barin baƙo ya fita shi kaɗai ba. Ko sau ɗaya abin bai faɗo mini a rai ba."

"Mun ɓata miki aiki," in ji Maiwada.

"Kun ɓata, Baba. Amma haka zan rubuta shi, yadda ya faru. Wanda zai sake yi ya san da rakiya."

Hamisu ya miƙe. Fuskarsa ba dariya.

"Likita, ni ɗansa ne. Ni ban iya zane ba. Tambaya ɗaya gare ni. Ya je gona ko kada ya je?"

"Binciken nan ba zai amsa maka ba, Malam. Na so in gwada masu tafiya da marasa tafiya, ashe duk masu tafiya na gwada. Bai nuna fita ba ta da amfani ba. Bai kuma tabbatar tana da shi ba."

"Amma ai ku kuka duba shi kuka sa shi cikin masu zama."

"Wa ya gaya maka? Kwamfuta ce ta jefa ƙuri'a. Ba ta san shi ba, ba ta taɓa ganin ƙafarsa ba. Ko ni sai daga baya na san inda kowa ya faɗa. Kuma ba mu ce kowa ya zauna ba. Ka karanta takardar?"

Hamisu bai karanta ta ba. Ya adana ta dai a cikin leda, a ƙasan akwati.

"In kana son amsa a kan mahaifinka," in ji ta, "sai in duba mahaifinka. Baba, taho nan."

Aka janye kujeru. Ta sa shi ya tafi har ƙofa ya dawo. Ta sa ya juya dama, ya juya hagu. Ta tuɓe takalminta ta ajiye a ƙasa ta ce ya tsallaka. Ta sa ya zauna ya tashi sau biyar ba dafa kowa. A na huɗu ya yi nishi, a na biyar ya harari Bobbo ya tashi. Ta auna jininsa. Ta tambaye shi ko ya taɓa faɗuwa.

Ya dubi Ukasha. Ukasha ya dubi rufi.

"Sau ɗaya," in ji Maiwada. "Ramin gafiya."

"Madalla da ka faɗa. To ga abin da na gani. Zai iya zuwa gona. Da sanda, da mutum a gefensa na hagu, da sanyin safiya, ba cikin rana ba. Ba zai riƙe adda ba. Maganin hawan jini kullum, ba sai ya ji jiri ba. In ya ƙi ɗaya daga ciki, ka mayar da shi zaure da izinina."

"An ji," in ji Maiwada, kafin Hamisu ya buɗe baki.

Suka kama hanyar gida a mota har suka bar kwalta. Sannan Hamisu ya ce, idonsa a kan hanya:

"Ka yi mini alkawari, Baba."

"Na cika."

"Mil guda!"

"Ban taɓa fita don kaina ba. Ban taɓa gangarawa hagu ba. Tambayi kowa."

"Kowa ya sani ke nan sai ni."

"Kai ne ba ka tambaya ba."

Hamisu ya ja tsaki a hankali, irin wanda ɗa zai iya ja a gaban uba a ce tari ne.

Washegari da aka idar da sallar asuba, gari ya yi haske, suka kama hanya. Maiwada a gaba, Hamisu a hagunsa, ɗaya ba ya kula ɗaya. Gangaren ya fi yadda ya tuna tsayi. Raɓa ta sa ciyawa santsi. Sau biyu ƙafar hagu ta maƙale a kunya, sau biyu Hamisu ya riƙo gwiwar hannunsa, shi kuma ya yi kamar bai ji ba.

Suka isa.

Maiwada ya shirya faɗa tun a hanya. Ya san abin da zai tarar: ciyawa, magudana a toshe, rake sirara kamar tsinke. Mai shagon taki me ya sani? Ya tsaya a bakin gona ya ɗaga kai. Raken ya fi shi tsayi nesa, kauri kamar damtse, ganye shar. An share gindinsa tas. An ɗaure shi dami-dami don kada iska ta kwantar. An gyara magudanar, har an ƙara wata a kusurwar da ruwa ya saba kwanciya, wadda shi ya yi shekara goma yana cewa zai haƙa.

"Wa ka sa?"

"Ni ne. In na rufe shago."

Ya shiga tsakanin layuka yana jan ƙafa, yana leƙe, yana zungurar ƙasa da sanda. Ya daɗe yana neman laifi. Hamisu yana biye da shi. A can ƙarshen gona ya sami wani gindi guda da gara ta taɓa. Ya nuna shi da sanda.

"Wannan fa?"

"Ban gani ba, Baba."

"Ai na sani."

Ya zauna a kan kunya, don ƙafar ta gama nata. Ya dubi raken sama da ƙasa.

"Ba wannan makon ba. Na sama. Ka gaya wa masu sara ranar Litinin, da sassafe. Ina nan."

"To, Baba."

Rana ta fara ɗagowa. Ya gwada miƙewa, ƙafa ta ƙi. Ya sake gwadawa, ta ƙi. Ya zauna yana kallon gangaren da suka sauko, wanda yanzu ya zama hawa.

"Je ka ɗauko babur."

Hamisu ya juya da sauri don kada a ga bakinsa.

"Kuma ka biyo ta bayan gari," in ji Maiwada. "Ba ta ƙofar masallaci ba."